Mushe Alhusaini da Ƙuri'ar Kwali Arba'in

A Madawa, bayan ofishin magajin gari, akwai wani ɗaki mai taga biyu da aka rubuta wa "bibliyotek" da shuɗin fenti a saman ƙofa, wato ɗakin karatu. Mai tsaronsa shi ne Mushe Alhusaini, wato Malam a bakin masu Faransanci, gajeren mutum mai ƙaton agogo, wanda ba ya fita daga gida sai da bik uku na rubutu a aljihun gaba, ko da masallaci za shi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kakkaɓe littattafai yana korar awaki daga bakin ƙofa, babu wanda ya taɓa jin kansa da kowa. Abin ya soma ne ranar da aka aika shi Yamai horon kwana uku.

Ranar farko mota ta makarar da shi. Ranar ƙarshe rabon takardar shaida aka yi da ɗaukar hoto. Amma a ranar tsakiya ya ji wata mata ta yi bayanin yadda ake tambayar ra'ayin jama'a ta waya, ya kuma riƙe kalma guda daga bakinta, wato sondaj. Da ita ya dawo Madawa. A teburin Hamidu mai shayi, wanda ke tsallaken hanya daura da bibliyotek, ya yi mako guda yana bayyana wa 'yan kabu-kabu da dillalan albasa cewa sondaj ƙuri'a ce da ake jefawa da yatsa, babu layi, babu tawada, kuma a duk yankinsu na Adar mutum biyu ne suka fahimce ta, ɗayan ma ya koma Yamai da zama. Hamidu ba ya karatun boko, amma yana son Mushe tsakani da Allah, don haka duk abin da ya faɗa sai ya gyaɗa kai ya ƙara masa sukari.

Masu tsaron ɗakunan karatu na Madawa da Buza da Keita su goma sha bakwai ne, kuma suna da gurup a Watsap wanda Alhusaini ya buɗe shekara biyu da suka wuce. Babu abin da ke shiga cikinsa sai barka da Juma'a da hoton furanni, jefi-jefi da sanarwar rasuwa. Wannan gurup ɗin Mushe ya yi rantsuwa zai tayar.

Tambayarsa ta farko ita ce wane ne babban maƙiyin littafi: gara, ɓera, ruwan damina, ko malamin lekol, wato makarantar boko, da ke ara ba ya maidowa. Kafin azahar gurup ya cika da surutu. Mushe Faruk na Keita, dogon mutum mai kaifin baki wanda suka yi aji ɗaya da Alhusaini tun suna yara, ya turo hoton ƙamus ɗin da gara ta cinye daga farko har tsakiya. Madam Furera ta Allakaye, wadda ɗakin karatunta tsohon rumbun ajiyar hatsi ne da ƙauye ya bar mata, ta ce a ƙara akuya cikin jerin, domin wata ta shiga ta cinye mata nahiya biyu daga littafin labarin ƙasa. Ta kuma bayyana yadda take tsoma ƙafafun kantar littattafai cikin gwangwanin toka don kada gara ta hau, mutum shida suka ce za su gwada. Malaman lekol ne suka lashe ƙuri'ar da rata mai yawa. Mutanen da suka shekara ba su gaisa ba suka yi ta dariya da juna har la'asar.

Da Mushe ya tsaya a nan, da har yau ana sa masa albarka.

Tambaya ta biyu ita ce wane littafi masu karatu suka fi nema. Ya jera littattafai huɗu da kowa ya sani, sannan a ƙasa ya saka wata 'yar ƙasida mai shafi ashirin da shi da kansa ya rubuta kan ladubban riƙe littafi, wadda ya taɓa aika wa kowane ɗakin karatu kwafi uku. Ƙasidar ta samu ƙuri'a ɗaya. Mushe ya rubuta wa gurup cewa yana godiya ga wannan mai karatu mai zurfin tunani, ko wane ne shi. Bai san ana iya danna wani wuri a ga sunan duk wanda ya zaɓi abu ba. Faruk ya sani. Ya ɗauko hoton sunan ya turo, ya rubuta a ƙarƙashi cewa an gano mai zurfin tunanin, kuma yana nan Madawa da bik uku a aljihu.

Kwana biyu Mushe bai yi magana a gurup ba. Ya gaya wa Hamidu cewa rezon waya ne ba shi da kyau.

A rana ta uku ya dawo da tambayar inda za a yi taron shekara, Madawa ko Buza ko Keita. Ya manta bai rufe wurin da ke barin mutum ya zaɓi amsa fiye da ɗaya ba, kuma abokan aikin nasa ba su son ɓata wa kowa rai, sai kusan kowa ya danna dukan ukun. Garuruwan suka yi kunnen doki. Mushe ya rubuta cewa ƙuri'a ta yi magana, a haɗu ranar Alhamis da hantsi, bai faɗi ko ina ba, domin a ganinsa ai kowa ya san Madawa ake nufi. Ranar Alhamis ya zauna a Madawa da kwalaben lemo goma sha bakwai cikin bokitin ƙanƙara. Faruk ya zauna a Keita da tiren balangu. Sauran goma sha biyar ɗin suka haɗu a Buza da yake ita ce a tsakiya, suka yi taronsu lafiya, Furera ta rubuta abin da aka tattauna ta turo wa mutanen biyu da suka kasa halarta, tare da fatan Allah ya sa lafiya ce ta hana su. 'Yan kabu-kabun Madawa suka sha lemo har da guzuri.

Ana cikin haka Madam Rahila ta kira shi daga Tawa. Ita ce ke kula da ɗakunan karatu na jihar, mace mai yawan aiki wadda ba ta son doguwar magana. Ta ce wata ƙungiya ta ba da kwali arba'in na sababbin littattafai, na Hausa da na Faransanci, yawanci na yara masu hotuna, kuma sharaɗin shi ne a ajiye su wuri ɗaya. Ta riga ta yanke a kawo Madawa, tunda tana bakin gudron, wato kwalta, kuma babbar mota ba za ta sha wahala ba. Takarda kawai zai sa wa hannu.

Mushe ya dubi kantocinsa. Littafi mafi sabunta a cikinsu ya girmi 'yarsa Amira da ke aji biyar, kuma yaran gari sun haddace hotunan da ke ciki har sun daina zuwa. Ya daɗe yana roƙon Allah irin wannan rana. Duk da haka sai ya ji bakinsa yana cewa zamanin yanke hukunci a ofis ya wuce, a bari a saka abin a sondaj.

"Mushe, na ce an ba ka. Hannu kawai za ka sa."

"Madam, abin da anka ba mutum a ɓoye ba shi da daɗi. So nake a ba ni gaban jama'a."

Madam Rahila ba ta tsaya musu ba. Ta ce ita dai ranar Asabar ta sama za ta taho da mota, kuma duk sunan garin da aka ba ta, can za ta sauke.

A ranar Mushe ya cika shafi guda da dokokin ƙuri'a, ya buga masa hatimin bibliyotek ya aika Tawa. Amsa ɗaya tak za a zaɓa, wannan karon ya tuna. Za a rufe ranar Asabar da ƙarfe goma. Sakamako ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Kuma shugaban gurup da kansa zai raka littattafan har ƙofar wanda ya ci, ya miƙa su hannu da hannu. Wannan doka ta ƙarshe ta fi burge shi, don ya riga ya hango kansa yana miƙa wa kansa kwali ana tafi.

Matarsa A'i ce ta sa masa shakka. 'Yar Allakaye ce, ta yi karatu har ta shiga kolej kafin aure, kuma tana da halin faɗin magana a hankali tana ci gaba da aikinta. Tana zuba masa miya ta tambaye shi ko waɗannan goma sha bakwai ɗin da za su yi zaɓe su ne dai waɗanda suka ba ƙasidarsa ƙuri'a ɗaya. Mushe ya ce wannan daban, wancan daban. Amma tuwon bai wuce masa da daɗi ba.

Washegari ya fita da kayye, wato littafin rubutu, yana karɓar lambobin waya. Ya bi tashar kabu-kabu, ya bi rumfunan albasa, ya bi matan da ke saƙar tabarma a unguwarsu, ya bi mahauta. Kafin Lahadi da yamma gurup ɗin mutum goma sha bakwai ya koma na mutum ɗari biyu da ashirin. Wani dillali ya shigo da tallan buhun albasa, wani ya tambaya ko a nan ake rajistar taki. Da abokan aiki suka yi ƙorafi, Mushe ya ce a Yamai an koya musu cewa ɗakin karatu na jama'a ne, don haka jama'a ke da ta cewa. Furera ta rubuta cewa ita ba ta da ja. Faruk bai rubuta komai ba. Babur ya hau.

Ranar Litinin da hantsi ya iso Madawa, ya tarar da Mushe a teburin Hamidu ya gama tura ƙuri'ar ke nan. Garuruwa biyar ne suka nuna suna so, kuma Mushe ya jera su bisa tsarin abacada kamar yadda ake jera littafi a kanta, don kada a ce ya yi son kai: Allakaye a sama, sai Bangi, sai Buza, sai Keita, Madawa a can ƙasa.

Faruk ya zauna, ya karɓi shayi, ya ce ya zo ne ya ga mutanen ɗari biyun da suka fara karatu a Madawa cikin kwana biyu, ya yi musu barka. Mushe ya ce hassada ba ta taɓa gina ɗakin karatu ba. Faruk ya ce shi abin da ya dame shi guda ne: mai riƙe da gurup yana ganin sunan kowa da abin da ya zaɓa, zai iya bin mutane gida-gida yana tsare su da ido, yana fitar da wanda bai yi masa ba.

"Ni?" in ji Mushe. "Ni ko ban duba waya ba na san abin da Madawa za ta yi."

"To kada ka duba."

Mutane sun taru, kuma Mushe ba ya iya ja da baya in mutane sun taru. Ya sa aka ɗauko akwatin ƙarfe da yake ajiye katunan aro, ya juye katunan a tebur, ya ɗaga wayarsa sama kowa ya gani, ya saka ta ciki ya datse da kwaɗo. Ya miƙa wa Faruk makulli ya ce ya tafi da shi Keita, kada ya dawo da shi sai Asabar. Ya ƙara da rantsuwa cewa ba zai leƙa wayar kowa ba har ranar. Faruk ya saka makullin a aljihu, ya shanye shayinsa, ya tafi yana murmushi.

Da ƙurar babur ta lafa, Hamidu ya goge hannu ya ɗauko tasa wayar mai fasasshen gilashi. Ya ce ga abin ya fito, layi biyar, wanne za su danna. Ya miƙo wayar, Mushe ya kawar da kai saboda rantsuwar da ya yi. Ya miƙe tsaye ya gyara riga, domin ya ga 'yan kabu-kabu wajen ashirin suna saurare.

"Hamidu, wace alƙarya ce ta farko a Adar wajen kasuwa? Wace ce ta farko wajen albasa, wajen tabarma, wajen ilimi? Kun san ta, ba sai na hwaɗi ba. Ta farko za ku danna."

"Ta farko," in ji Hamidu. "Na gane, Mushe."

Ya danna layin da ke sama.

Hamidu bai taɓa riƙe amana irin wannan ba. Duk wanda ya zo shan shayi sai ya karɓi wayarsa ya danna masa ta farko kafin ya zuba masa. 'Yan kabu-kabu suka kai saƙon tasha, daga tasha ya shiga kasuwa, matan tabarma suka gaya wa juna a bakin famfo cewa Mushe ya ce ta saman nan. Waɗanda suka iya karatu a cikinsu sun ga abin da ke faruwa tun ranar Talata, amma a Madawa ba kullum ake samun abin kallo kyauta ba, sai suka danna tare da jama'a suka ja bakinsu.

Kowace safiya Mushe yakan tsallaka hanya ya tambayi Hamidu labari, hannu a baya, ido a sama. Hamidu yakan ce ta farko ta yi nisa, koren layinta ya kusa fita daga waya, sauran ko motsi ba su yi. Mushe yakan ce dama ya sani. Ranar Laraba Faruk ya kira ta wayar Hamidu ya ce lallai ya sallama, bai taɓa ganin jama'a masu biyayya irin mutanen Mushe ba, abin da aka ce su yi shi suke yi babu ƙari babu ragi. Mushe ya ce masa shugabanci baiwa ce, ba a koyonta a Keita. A gida ya tambayi A'i ko ta yi nata zaɓen. Ta ce ta yi tun ranar farko, kuma ta danna abin da ya ce a danna, ba ta taɓa jin daɗin yi masa biyayya kamar wannan karon ba. Mushe ya ji daɗin maganar har ya ba Amira labari.

Ranar Alhamis ya kwashe tsofaffin littattafansa daga kantoci ya tara su a kusurwa don a samu wuri. Ranar Juma'a ya aro rumfa da kujeru sittin daga ofishin magajin gari, ya gayyato mataimakin magajin garin, ya ɗauko makaɗa biyu da sanƙira mai babbar murya. Ya sa aka rubuta a farin ƙyalle cewa Madawa na godiya ga Adar, aka ɗaura tsakanin bishiyoyin dogon yaro biyu.

Asabar da ƙarfe tara babbar mota ta tsaya a ƙofar bibliyotek, kwalaye jere a bayanta an ɗaure da igiya. Madam Rahila ta sauko ta dubi ƙyallen, ta dubi Mushe, sai ta nemi kujera. Abokan aiki sun zo kusan dukansu, abin da bai taɓa faruwa ba a Madawa. Furera ta zauna a layin baya da jakarta a cinya. Faruk ya zauna a gaba ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Mushe ya yi jawabin minti arba'in. Ya yi bayanin sondaj daga tushe. Ya ce yau ranar koyon haƙuri ce ga waɗanda ba su samu ba, kuma ƙofar Madawa a buɗe take ga duk wanda ke son ya zo ya ga sababbin littattafai, ko daga Keita yake. Duk jimlar da ya faɗa sai sanƙira ya maimaita ta da ƙarfi har kasuwa ta ji. Ƙarfe goma daidai ya karɓi makulli daga Faruk, ya buɗe akwati, ya ɗaga waya. Wayar ta mutu tun ranar Talata. Ya danna, ya girgiza ta, ya hura mata iska. Madam Rahila ta ce ba komai, tata na da caji, ta miƙe ta karanta.

"Allakaye, ɗari da casa'in da takwas."

"Allakaye, ɗari da casa'in da takwas!" in ji sanƙira, makaɗa suka saki ganga.

Mushe ya yi murmushi ya matso kusa da ita, ya ce a hankali Madam ta tsallake layi, ta sake dubawa. Sanƙira ya ɗauka wannan ma jawabi ne, ya sanar da jama'a cewa Mushe ya ce Madam ta tsallake layi. Madam ta ce ba ta tsallake komai ba, ta ci gaba. Bangi uku. Buza biyar. Keita huɗu. Madawa ɗaya.

Rumfa ta yi tsit, in ban da wani ɗan kabu-kabu da dariya ta sarƙe shi aka fita da shi ana bubbuga masa baya. Mushe ya ce to ko wannan ɗayar ai tasa ce, kuma tana nuna mutum guda ya tsaya kan gaskiya. Faruk ya tuna masa cewa ya kulle wayarsa kafin ya yi zaɓe. Madam ta danna ta duba sunan, ta ce Madam Furera ce ta Allakaye.

Kowa ya juya baya. Furera ta ɗan sunkuyar da kai.

"Na ga wurin babu kowa, Mushe," ta ce. "Sai na ce kada a bar shi hakanan."

A nan ne rumfar ta fashe. Mataimakin magajin gari ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Hamidu ya kutso ta cikin mutane da butar shayi a hannu, fuskarsa cike da murna, ya tambayi Mushe ko sun ci. Mushe ya tambaye shi mi suka danna. Hamidu ya ce ta farko, kamar yadda aka umarce su, kuma shi kaɗai ya danna wa mutum sittin da ɗaya, ya nuna masa layin saman da babban yatsa. Mushe ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya juya wajen matan unguwa yana neman A'i da ido, ya hango ta tana gyara wa Amira ɗankwali da matuƙar natsuwa.

Ya ce a sake ƙuri'a, an samu rashin fahimta. Madam Rahila ta ciro takarda daga jaka ta karanta masa dokarsa ta uku, ta nuna wa mataimakin magajin gari hatimin. Ya ce to a raba, ashirin-ashirin. Ta ce masu kyautar sun ce wuri ɗaya. Ya ce hanyar Allakaye duwatsu ce, mota za ta wahala. Direba ya leƙo ta taga ya ce shi ɗan Buza ne, ya san hanyar da ido rufe. Sannan Madam ta karanta doka ta huɗu, ta ce gaban mota ita da Madam Furera ne, amma akwai wuri a baya.

Haka Mushe Alhusaini ya fita daga Madawa a kan kwali arba'in, da babbar riga, yana riƙe da igiya da hannu biyu, 'yan kabu-kabu na biye da shi suna hon har bayan gari. Makaɗa ba a gaya musu su daina ba, don haka ba su daina ba.

Sun isa Allakaye bayan azahar, Mushe ya yi ja da ƙurar hanya tun daga hula har takalmi. Labari ya riga su zuwa. Ƙauyen gaba ɗaya ya fito, maza da mata, 'yan lekol sun yi layi, ana ta guɗa. Dattawa suka riƙe hannunsa suna cewa ba su taɓa ganin suruki irinsa ba, mutumin da ya tara garinsu kaf ya sa suka zaɓi garin matarsa. Mushe ya buɗe baki zai gyara maganar, ya dubi yawan jama'ar, ya rufe. Kafin a sauke kwali na goma an ji shi yana gaya wa mai gari cewa dabarar ta daɗe a ransa, sai dai irin wannan shiri ba a bayyana shi da wuri.

Da aka buɗe kwalayen cikin tsohon rumbun, ƙamshin sabuwar takarda ya cika wurin, yara suka yi cincirindo a taga. Mushe ya tsuguna yana shafa bangon littattafan. Ya ware guda biyu, wani babba mai hotunan dabbobin duniya da wani na tatsuniyoyi, ya ce zai tafi da su Madawa ya nuna wa yara. Furera ta ce babu laifi, sai dai ya yi katin aro kamar kowa, mako biyu ya maido. Kuma da yake shi baƙo ne ba mazaunin Allakaye ba, dokar ɗakin ta ce sai wani ɗan gari ya tsaya masa.

Mushe ya dubi dattawan da ke yabonsa ɗazu. Ɗaya ya tuna bai yi alwala ba, wani ya ce shi ba ya sa hannu a takardar boko. Aka yi ta kallon juna har wata mata ta ce ai ga Inna Biba nan, uwar A'i, zaune a kan tabarma a inuwar rumbun tana ɓare gyaɗa.

Mushe ya cire takalmi, ya je ya durƙusa nesa kaɗan da tabarmar, kansa a ƙasa, littattafai biyu a hannu. Ya gaishe ta, ya tambayi gida da jikoki da dabbobi, sannan ya faɗi buƙatarsa da muryar da ba a taɓa jin sa da ita a Madawa ba. Tsohuwar ta saurara har ya gama. A'i ta riga ta kira ta a waya ta ba ta labarin yadda aka yi, tun daga akwatin ƙarfe har sanƙira. Ta dubi littattafan, ta dube shi, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

"Na tsaya mishi kan guda," ta ce wa Furera. "Mutumin da anka ba mota cike ta kuɓuce mishi, ba ni ɗaukar nauyin biyu."

Mushe ya maida na tatsuniyoyin cikin kwali.